Kaset Ɗin Cevdet

A Izmir, hawa na huɗu, saman shagon mai gasa kifi,
Nergis ta tono kaset daga gwangwanin biskit.
Shekara hamsin yana kwance cikin maɓallan riga.
Zafi ya taɓa shi, zaren ya saki,
jitar kakanta na tangaɗi
kamar mai dawowa daga biki da asuba.

Ba ta gyara ba.
Ta yanko daƙiƙa bakwai, ta ɗaure kai da wutsiya,
ta bar shi yana zagaye a kwamfuta.
Ta shimfiɗa masa ganga marar fata,
wadda ba ta gumi, ba ta neman shayi,
ta zuba wani amo a sama
mai narkewa kamar alewa a aljihu,
shuɗi yana malala cikin ruwan goro.

Cevdet ya shigo da silifas.
Kunnen hagu ya daɗe da yin ritaya,
sai ya ɗora tafi a kan lasifika.
"Wane ne makaɗin nan? Ko sau ɗaya bai kuskure ba."
"Inji ne, Kaka."
"Shi ya sa. Rasim namu, Allah ji ƙansa,
kullum a makare yake isowa."

Ta ja bugun baya kaɗan,
bai kai ƙiftawar ido ba.

Tsoho ya yi shiru.
Ƙafarsa ta dama ta shiga laluben feda a kan darduma
inda babu komai sai wutsiyar kyanwa.

Can ƙasa, mai kifi ya rage rediyonsa.