Ƙirgen Kafinta

Ni ne Mumuni kafinta, shagona na bakin gota a Aboabo.
Katakon nan da ke kwance bisa ruwa nawa ne.
Odum ne, na saye shi don ƙofar wani alhaji,
sai ruwan dare ɗaya ya tafi da tsohuwar gada.
Ƙofa ta jira, alhaji ya yi fushi,
yara suka haye.

Tun ranar nake ƙirge
da alli a bayan ƙyaure, kowane yaro zane guda.
Litinin ɗari biyu da sha huɗu.
Talata an kwana ana ruwa, ɗari da sittin,
sauran iyaye sun ce karatu ya jira rana.

Barikisu tawa takan cire takalmi ta rataya a wuya,
ta goya Hudu, ta taka a hankali.
Ba ta kallon ƙasa. Ni ke kallo.
In sun tsallake ga titi,
tirotiro na rige-rige, aboboya na kutsawa,
mai koko ce ke ɗaga ludayi
ta tsayar musu da mota.

Da aka kira taro a majalisa
na kwance ƙyauren, na ɗauko shi a ka.
Aka karanta jerin ayyuka:
na ɗaya, furanni a shataletale,
na biyu, sabuwar kwalta bisa kwaltar bara
a layin da yara ke zuwa makaranta a kujerar baya.
Mu ne na sha bakwai.

Na jingina ƙyaure a gaban tebur.
Na ce, ranka ya daɗe, ban zo hana kowa ba,
mudun kawai nake so in gani.
Da me aka auna? Da taya ko da tafin ƙafa?
Wa ya fi kusa da ruwa, wa ya fi kusa da ofis?

Wata malama daga Sawaba ta miƙe
da littafin kiran suna duk ya jiƙe.
Ta ce nasu ɗari uku ne da ɗoriya,
kuma ko katako ba su da shi,
duwatsu suke takawa.
Bakina ya yi nauyi.
Na kalli allina, na kalli littafinta,
na ce to, a fara da su.
Mudun da na nema, shi ya auna ni.

Sun ce za su sake jerin. Mun ji.
Ni dai kullum bayan asuba
nakan ƙwanƙwasa katakon da guduma,
in kara kunne.
Jiya ya amsa da wata murya
da ban so ba.