Kwana Goma a Gangare

Kwana goma aka ba ni
in san unguwar nan kafin a fara gwajin rigakafi.
Ni da littafi, da rikoda mai cin batir.

Ran farko na zana taswira a ƙasa da tsinke.
Inna Tasalla ta sa ƙafa ta share asibitina,
ta ajiye marfin kwalba daidai kemis ɗin Dachung:
"Nan muke zuwa. Shi yana ba da bashi."

Na ce, wa ake jin maganarsa?
Maza suka ce mai unguwa.
Mata suka dubi juna,
wata ta nuna mai kitso da haɓa.

Ɗan'asabe mai shayi bai ce uffan ba
sai da na kashe rikoda:
"Waɗanda suka ɗebi jininmu bara,
ina sakamako?"

Da dare, sanyin Jos na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
ina cusa mutane cikin layukan takarda.
Ga gurbin ruwan sha, ga na addini, ga na jita-jita.
Tambayarsa ba ta da gurbi.

Na rubuta ta a gefe da jan biro.
Saura kwana uku.