Abin da Iska Ta Ɗauka

Ran Talata, aji na uku, lakwal ɗin unguwar Zariya,
wata kalmar Ingilishi ta tare ni a allo.
Gajeruwa ce, harufa biyar,
ana faɗinta kamar mai tofar da tsakuwa daga tuwo.
Ɗan'azumi, can kujerar baya,
ya ɗaga yatsa: "Mushe, da Hausa fa?"
Na buɗa ƙamus. Ƙamus ya ce:
abin da ake zubarwa bayan sussuka, marar amfani.
Haka na rubuta, haka suka kwafa a kaye.

Asabar na hau babur sai Jiratawa.
Na iske Gwaggo Tsahara bayan rumbu,
ƙwarya sama, ƙwarya ƙasa,
tana jiran iska kamar mai jiran bashi.
Na ce mata Turawa suna da suna guda
na duk abin nan da ke tashi.

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wanne?
Ƙaiƙayin hatsi da ke shiga maka wuya,
ko ɓuntun shinkafar fadama?
Dusa ce, wadda tunkiyata ke kuka dominta?
Ko kowar wake, da ta fi kuɗin alli tsada
in layya ta matso?
Ɓawon gyaɗa na hura wutar da ka sha kunu.
Ɗakin da aka yanke maka cibi,
da ƙaiƙayi aka cuɗa ƙasarsa,
damina talatin bai tsage ba."

Iska ta zo. Ta ɗaga hannu.
Tsaba ta sauka da nauyinta, shaa,
sauran ya bi yamma,
sannan ya juyo, ya same ni a fuska.
Ta yi dariya har ƙwarya na rawa:
"Ni ke sheƙa, kai ya koma wa!"

Ta ce shekarar da gulbi ya ƙi kawowa
dusar nan suka dama, da ɗan kanwa,
su shida, kuma biyar sun ga kaka.
Ba ta faɗi sunan na shidan ba.
Ta sunkuya ta tsince wata ƙwaya daga ƙasa.

Litinin na shiga aji da ƙulli huɗu a leda,
wuyana yana ta susa.
Na zube su a tebur, na ce a buɗe kaye,
a ja layi kan abin da na ba su.
Ɗan'azumi ya ce, "To me za mu rubuta?"
Na ce, zo ka taɓa tukuna.