Taku Sha Bakwai

Daga bakin gadon Inna Tumba
zuwa ƙofar zaure, taku sha bakwai ne.
Na ƙirga da rana, na ƙirga da dare,
na ƙirga ido rufe, hannu bisa bango,
don hayaƙi ba ya barin ido ya ga mafita.

Ni ce Ige, mai jinya a Ƙauran Namoda.
Ana biyana wata-wata in juya ta, in wanke ta,
in ba ta koko da cokali, in shafa mata man zafi.
Damina biyu ke nan da ɓarin jikinta ya mutu.
Bakin yana nan, ya fi aska,
ƙafa ce kawai ta yashe ta.

Ran da na zo, na tarar da jarkar fetur
tana kwana ƙarƙashin gado kamar kyanwa,
maganin sauro na ci a gindin labule,
waya ɗaya ta goya fanka da rediyo da hita
har wuyanta ya yi baƙi.
Na ce, Nomau, bisa murhu ka shimfiɗa wa uwarka,
ashana kaɗai ta rage a ƙyasta.

Ya ce, ke ba ki san garin nan ba.
Kwaɗo uku yake sa wa ƙofa bayan isha'i,
taga duk an ɗinke ta da ƙarfe
saboda masu zuwa da dare bisa babura.
Ban ƙaryata shi ba, ni ma ƙauyenmu ya tashi.
Na ce, wanda kake tsoro daga waje zai zo,
ita kuwa a cikin ɗaki ake haihuwarta.

Sati guda muna ja-in-ja kan makulli.
Ƙarshe ya buga ƙusa daidai kafaɗata,
na ɗaura wa makullan ƙararrawar akuya
don ko a duhu hannu ya ji su.
Fetur ya koma bayan gida.
Bokitin yashi ya gaje wurin turmi.

Kowace Laraba mukan gwada.
In shimfiɗa bargo, in mirgino ta a hankali,
in kama bakin bargon ta wajen kai, in ja da baya.
Takan ce, Ige, ko buhun gero an fi mutunta shi,
ki bar ni mana, in ajali ne ai babu tsimi.
In ce, Inna, ajali na Allah ne,
jan bargo kuwa ni aka ba,
kuma ba yau zan ajiye ba, balle in huta.

Daren da ta zo ba ta yi sallama ba.
Ƙarfe biyu aka maido da lantarki da ƙarfin tsiya,
soket ya yi tari, ya tofa wa labule.
Ban nemi takalmi ba. Ban nemi ruwa ba.
Na durƙusa inda iska ke da sauran sanyi,
bargo, mirginawa, ja,
Inna tana salati, ni ina ƙirga,
ƙararrawa ta amsa mini tun kafin in kira ta.

A waje Nomau ya kashe mita,
maƙwabta suka shigo da yashi a kwanoni.
Labule ya tafi, da rabin katifa, da hoton Makka.
Inna ta dube ni daga ƙasa, fuska duk toka,
ta ce, kin baro mini gorona.

Da gari ya waye na sake bin hanyar.
Sha bakwai na mai tafiya tsaye ne.
Mai rarrafe, da tsohuwa a bargo,
talatin da ɗaya ne ƙirgarta.
Na rubuta da gawayi a bangon da ya ƙone,
don wadda za ta karɓe ni ran da ba na nan
ta karanta.