Takardar Ƙosai

A Aboabo, gindin gada, inda turoturo ke tsayawa,
uwata ke suyar ƙosai tun ladan bai gyara murya ba.
Kilo-kilo take sayo tsohuwar jarida a Kejetiya,
ni ke yaga ta gida huɗu,
ban taɓa duba abin da nake yagawa ba.

Sai da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare,
littafi ɗaya, mu bakwai a kansa
kamar kaji a kan tsaba.
Malam Mutawakilu ya hango ƙunshina a benci,
ya ce, "Barikisu, cinye ƙosanki, ki ba ni takardar."
Aji ya kece da dariya.
Shi ko murmushi bai yi ba.

Ya kafe ta a allo da ƙusa biyu.
Mai ya cinye kanun labarin,
har baƙin allo kana hangowa ta cikinta.
Zancen masara ne: buhu ya tashi daga kaza zuwa...
nan hannuna ya datse shi daren jiya.
"Zuwa nawa?" in ji Malam.
"Ku je Asawase, ku tambayo masu awo."
Muka dawo da farashi uku, ba wanda ya san ɗan'uwansa.
Ranar muka gane matsakaici,
ranar Fuseini, da ke kallon lissafi kallon akuya ga kura,
ya riga kowa fitar da kashi cikin ɗari.

Daga nan, kowace Litinin da ƙunshinta.
Kwabena ya kawo wadda aka naɗe kifi,
muka karanta labarin masu haƙar gwal
da kogin da ya koma kamar kunun kanwa,
hanci a toshe, ido a buɗe.
Sherifatu ta kawo shafin ta'aziyya,
muka koyi shuɗaɗɗen lokaci daga waɗanda suka shuɗe.
Malam kuwa tambayarsa ba ta tsufa:
"Wa ya faɗa? Yana wurin?
Wa aka wuce ba a tambaya ba?"

Cikin damina na ci karo da unguwarmu.
Ga gadar nan, ruwa ya kai wuyan tebur,
ga kaskon uwata a kife, na gane shi da kunnensa ɗaya.
An rubuta: mutanen wurin ke cika kwata da shara.
An ji ta bakin wani mai kwat a ofis.
Ba a ji ta matar da ta kwana tana kwalfe ɗaki da roba ba,
ba a ce motar shara ta yi wata biyu ba ta leƙo ba.

Na kai wa Malam, murya na rawa.
Na zaci zai lallashe ni.
Sai ya miƙo jan biro:
"Fara ja layi a ƙarƙashin abin da yake gaskiya."
Na ja. Na sake ja. Da ciwo,
don ledar ruwan da na yar shekaranjiya
ita ma tana cikin kwatar.
"To, yanzu rubuta abin da suka bari."

Sau uku yana dawo mini da ita da jajayen tabo.
Ta huɗu muka aika.
Ko an buga, ban sani ba;
sabuwar jarida ba cimar gidanmu ba ce,
sai ta yi wata shida a hanya kafin ta iso mu.

Amma kullum dare, kafin in yaga,
sai na bi shafi ciki da baya.
Uwata na cewa, "Ke, mai yana ƙonewa!"
Ina cewa, "Saura layi ɗaya, Inna."

Ran da ta zo, ba zan sa ta ƙarƙashin akwati ba.
Zan naɗa ƙosai uku a cikin sunana,
in miƙa wa ɗan makarantar da ya fara tsayawa,
in ce, "Cinye, amma ka kai wa Malam takardar."