Yadin Toka

Shekara arba'in da biyu ina yanka kwat a Napoli,
a lungun da igiyoyin shanya suka rufe wa sama.
Na auna kafaɗun alƙalai, na auna na masu sayar da kifi.

Ran Talata jikana Tullio ya shigo,
farce shafe da shuɗi, ɗan kunnen kakarsa a kunnen hagu.
Ya ɗora hannu kan yadin ulu ruwan toka,
wanda na ɓoye tun bara
don kwat ɗin da za a binne ni a ciki.
Ya ce, "Kaka, siket nake so,
mai tattara, ya sauko har ƙwauri."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.
Allurai uku na bakina, su suka hana ni magana,
har gobe ina gode musu.

Na ce ya dawo Juma'a.
Dare uku ina juyi a gado:
me Rosalba mai burodi za ta ce,
me tsofaffin da ke karta a gindin coci za su ce?
Sai na tuna fadan cocin kansa
riga yake ja har ƙasa, ba wanda ya taɓa ko tari.
Na tuna Nunziata ranar da ta fara sa wando a unguwar nan.
Uwata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarta,
ni kuwa na bi ta kamar raƙumi da akala
har na aure ta.

Juma'a na ce, "Tsaya sosai, bar rawar kai."
Ƙugu tamanin da ɗaya.
Hannun da ya saba raba yadi biyu domin ƙafafu
ya kai tsakiya ya tsaya cak,
almakashi a buɗe.
Na bar yadin a haɗe.

Na sa masa aljihu biyu masu zurfi.
Kakarsa ta bar duniya tana mitar rashin aljihu.

Lahadi ya fita da shi, da takalminsa mai nauyin nan.
Na leƙa ta taga.
Wani a kan babur ya yi fito,
ya jefo kalmar da ba zan maimaita ba.
Tullio bai waiga ba, amma na ga wuyansa ya sandare.
Iskar teku ta taɓa siket ɗin,
ninki goma sha shida suka buɗe, suka koma,
ko ɗaya bai karkace ba.

Rosalba ta ɗaga kai: "Ermanno, aikinka ne wancan?"
Na ce, "Dubi kalmasar. Wa kuma zai iya?"

Har yau ban ce na gane ba.
Saura yadi ɗaya da rabi a kan kanta,
ba zai isa kwat ba.
Su binne ni da tsohuwar.