Haƙorin da Kakana Ya Bari

Kakana Tibério da mashi ya san ta.
Shekara talatin yana fita daga Lajes,
su bakwai cikin kwalekwale ɗaya.
In sun jawo ta gaɓa sai su farke tumbi,
abin da ta ci ya malalo bisa baƙaƙen duwatsu.
An ga amsa, mai amsar kuwa ta tafi.

Ni Belmiro, jikansa, rariya nake riƙewa.

Da asuba Serafim na kan tudu da madubin hangen nesa,
wanda ubansa ya riƙe wa maharba.
Rediyo ya yi ƙara: tana kudu, tana feshi.
Iolanda ta rufe littafinta, ta ce in tada inji.

Giwar teku. Tun ina yaro kifi nake ce mata,
alhali iska take shaƙa, nono take bai wa ɗanta.
Mukan bi ta a hankali har ta gama huci,
ta ɗaga wutsiya mai faɗin ƙyaure, ta nutse,
ta bar mana tsaraba a baya:
wani jan gajimare yana narkewa cikin shuɗin ruwa.
Kashi ne.
Iolanda na murna kamar ta tsinci zinariya,
ni ina miƙa sanda, ina kwasa kafin ya ɓace.
Warin ya raka ni har gida,
Odete ta ce rigar ta kwana a waje, ko mu kwana tare.

A ɗakin bincike ta wanke abin da muka samo.
Ƙananan bakuna suka rage, irin na aku, masu tauri,
na halittar nan mai hannu goma
da ke zaune inda rana ba ta taɓa leƙawa ba.
Ta auna kowane baki, ta faɗi girman mai shi.
Abin da ya narke kuwa, ta ɗiga a kwalba,
na'ura ta karanta rubutun da ke cikin jininsa.
Ta ce duk wanda aka haɗiye yakan bar sa hannu.

Wata rana da kwari da baka muka fita.
Gabana ya faɗi, na tuna kaka.
Kibiyar ta taɓa fata ta dawo tana iyo,
ɗauke da kitse bai fi ƙwayar gyaɗa ba.
Giwa ko juyowa ba ta yi ba.
Kitsen ya ba da labarin cimar wata shida.

Mun taɓa manna mata ɗan akwati a gadon baya.
Da ya saki ya taso, muka saurara da dare:
ƙas, ƙas, ƙas, cikin duhu,
sai ƙarar ta yi sauri kamar tsohuwar ƙofa,
sai shiru.
Iolanda ta ja layi a takarda: loma ɗaya ke nan.
Goma sha bakwai muka ƙirga kafin ta nemi iska.

Ran nan ta zo shan gahawa, idonta ya kai kan kanta,
inda haƙorin da kaka ya bari ke danne da takardun wuta.
Kwana uku ina jujjuya maganar kafin in ba ta.
Ta raba shi biyu da zarto mai laushi.
Layuka a ciki, kamar na kututture, arba'in da ɗaya.
Ta kankari kowanne, ta ƙona, ta auna.
Nan ta yi ƙaura arewa. Nan shekarar ta yi wuya.
Ta ɗora farce kan layi na uku:
nan aka yaye ta.

Layin ƙarshe siriri ne, bai cika ba.
Na san shekarar. An haifi babana a cikinta,
da kuɗin man aka sayi gadonsa.

Rabi na wurinta cikin leda mai lamba.
Rabi na aljihuna.
Gobe Serafim zai kira,
in ɗauki rariya.